Gwajin ƙasar lambu: a kai lab, a sayi takardar pH, ko a dogara da ido?

Idan lambu ya fara ja da baya, yawancinmu magani ɗaya muka sani, wato a ƙara taki. Bara an zuba buhu guda na kamfa, bana sai a zuba ɗaya da rabi, a bi da yuriya. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma kuɗin ne kawai ke nutsewa a ƙasa, tumatir na nan a tsugune, albasa ta ƙi yin kai, domin ba rashin abinci ke damun shukar ba. Abincin yana nan a ƙasa, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa. A irin tsadar da taki ya yi yanzu, zuba shi a makance asara ce da mai lambu bai kamata ya ci gaba da ɗauka ba.

Hanyoyin sanin halin ƙasa suna da yawa, daga wanda ba ya cin ko kwabo har zuwa wanda sai an ɗauki ƙasa an kai lab, wato ɗakin gwaje-gwaje irin na jami'a. Ba daidai suke ba, kuma akwai wanda ake tallarsa sosai alhali shi ne mafi rashin amfani a cikinsu. Kafin a kwatanta su, sai an san abin da ake nema.

Abu na farko shi ne tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa, kamar bambancin kunun tsamiya da kunun kanwa. Lambobin suna da yaudara: ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma, ta ninka mai 7 sau ɗari. Yawancin kayan lambu, su tumatir da tattasai da albasa da kabeji da latas, sun fi sakewa tsakanin 6 da 7. Da zarar an sauka ƙasa da 5.5, sinadarin aluminiyam da ke cikin ƙasa yakan narke ya riƙa ƙone bakin saiwa, fosfaras ɗin da ka saya da kuɗinka kuma ya ɗaure da ƙarfe da aluminiyam, shuka ba ta samu. Idan aka haura 7.5, matsalar ta juya: ƙarfe da zink ne shuka za ta kasa sha, sai ka ga sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kore.

Na biyu shi ne abincin kansa, wato naitirojin da fosfaras da fotasiyam, haruffan nan uku, N da P da K, da ke jikin buhun kamfa. Na uku ruɓaɓɓen taki da ke cikin ƙasa, wanda shi ke riƙe ruwa da abinci. Na huɗu, wanda mai noman rani ya fi kowa bukatar sani kuma aka fi mantawa da shi, gishiri ne. Akwai na biyar ga masu ban ruwa da ruwan kwatar gari, zan zo kansa.

Ido da gogewa

Tsohon mai lambu ba jahilin ƙasarsa ba ne. Yana murza ƙasa a hannu ya gaya maka jigawa ce ko laka ko jangargari, ya san ɓangaren da ruwa ke kwanciya, ya san inda ƙasa ta gaji. Alamomin ganye ma gaskiya ne. Ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana hawa sama, yawanci naitirojin ne. Ganye ya yi duhu da shuɗi-shuɗi mai ja a bayansa, shuka ta ƙi tsawo, ana zargin fosfaras. Gefen tsohon ganye ya ƙone kamar an kara masa wuta, fotasiyam. Farin ɓawo a gefen fangali bayan ruwa ya tsotse, gishiri ne ya fito fili.

Matsalar ido biyu ce. Yana gani ne bayan ɓarna ta faru, lokacin da shukar ta riga ta yi asarar makonni. Sannan alama ɗaya tana iya fitowa daga dalilai uku ko huɗu. Rawayar ganye na iya zama yunwa, tana iya zama ruwa ya yi yawa saiwa ta shaƙe, tana iya zama tsutsar nan ta cikin ƙasa mai sa saiwar tumatir ta yi ƙulle-ƙulle. Baƙin da ke kama gindin ’ya’yan tumatir kuwa kowa zai ce maka rashin kalsiyam ne, kuma haka ne, amma galibi kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau an cika gobe an bari ya bushe. Tsamin ƙasa kuma ido ba ya ganinsa sam.

Akwai dabarar da ke ƙara wa ido ƙarfi, wadda nake ganin ta fi a ba ta muhimmanci. Ka ware fangali huɗu ko biyar a jere, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Ɗaya kada ka sa masa komai, ɗaya yuriya kawai, ɗaya supa kawai, ɗaya kamfa cikakke, ɗaya takin gida. Shukar da kanta za ta nuna abin da ƙasar ta rasa. Masu bincike ma haka suke yi. Illarta kawai ita ce sai ka jira kaka guda kafin ka sami amsa.

Gwajin zuba wa ƙasa ruwan tsami na kanti ko garin bakin soda a ga ko za ta yi kumfa, wanda ake yawan yaɗawa a waya, shi ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Kumfa tana tashi ne kawai idan ƙasar ta yi nisa sosai ta ɗayan ɓangarorin. Ƙasa mai 5.3 da mai 6.5 duk shiru za su yi maka, alhali a tsakaninsu ne riba da asara suke.

Na'urar da ake sokawa a ƙasa

Ita ce koriyar nan mai ƙafafun ƙarfe biyu da allura a fuskarta, wadda ake cewa tana auna danshi da haske da pH gaba ɗaya, ba ta bukatar batir. Tana da araha, tana da kyan gani, kuma ita ce mutane suka fi saye. Shawarata kada ka saye ta don pH.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Ƙarfe iri biyu ne a bakinta, idan suka shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa sai su haifar da ’yar wutar lantarki da ke motsa allurar. Wannan wutar tana canzawa da yawan danshi, da gishirin taki, da tsatsar da ke jikin ƙarfen, da yadda ƙasa ta matse shi. Ba a iya saita ta. Shi ya sa sau da yawa allurar take maƙalewa kusa da 7 duk inda aka soka ta, ko kuma ta ba da lamba biyu daban a fangali ɗaya kafin ban ruwa da bayansa. Wanda bai da komai ya san bai sani ba, zai nemi mai gaya masa. Wanda ya riƙe wannan na'ura kuwa ya ɗauka ya sani, zai je ya yanke hukunci a kan lambar da ba ta da tushe. In kana da ita, yi amfani da ita wajen duba danshi, nan tana ɗan taɓukawa.

Takardar pH da alƙalamin pH

Nan ne gwajin gida na gaskiya ya fara. Takardar siririya ce, ana samunta a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje da wasu manyan shagunan magani, fakiti guda yana ɗauke da guda tamanin ko ɗari, da jadawalin launuka a jikinsa. In da hali a nemi wadda ta taƙaita tsakanin 4 da 9 tana tafiya rabi-rabi, ta fi mai 1 zuwa 14 bayyana bambanci.

Ga yadda ake yi. A sami busasshiyar ƙasa da aka tankaɗe, a zuba cokali biyu a kofin roba mai tsabta, a zuba ruwa cokali biyar. A gauraya sosai, a bar shi rabin awa, a sake motsawa, a jira laka ta kwanta. Ruwan saman nan da ya ɗan washe, shi za a tsoma takardar a ciki, a ciro, a kara ta da jadawalin a hasken rana kafin ta bushe. Kada a duba a hasken ƙwai ko fitila, launin yana rikiɗa. In ruwan ya ƙi washewa, kamar yadda ƙasar fadama mai laka takan yi, a tace da tsumma mai laushi, in ba haka ba lakar za ta rina takardar.

Ruwan da aka yi amfani da shi shi ne sirrin aikin. Ruwan burtsatse da na rijiya suna ɗauke da nasu sinadaran, sau da yawa masu ɗaga lamba, musamman a ƙasar jigawa da ba ta da ƙarfin rinjayar ruwan. A nemi tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ko na sola. A kula, tataccen ruwan ake nufi, ba asid ɗin batir ba. In bai samu ba, ruwan sama da aka tara kai tsaye a roba mai tsabta ya fi na burtsatse.

Takarda ba za ta bambance maka 6.2 da 6.4 ba, kuskurenta yakan kai rabin lamba. Amma za ta gaya maka ko kana wajen 5, ko 6.5, ko 8, kuma wannan ce tambayar da mai lambu yake bukatar amsarta. Da fakiti guda za ka gwada kowane sashe na lambun, ka gwada ruwan da kake ban ruwa da shi, ka gwada na maƙwabcinka.

Alƙalamin pH, mai batir da ƙwan gilashi a bakinsa, ya fi takarda daidaito nesa ba kusa ba, muddin an kula da shi. Kulawar ce aiki. Sai an riƙa saita shi da ruwan saiti na 4 da na 7, sai an ajiye bakinsa a jiƙe, kuma zafi da ƙura suna kashe ƙwan da wuri. Wanda ya saya ya jefa a aljihun babur wata uku, in ya ɗauko ƙarya zai riƙa yi masa da lambobi masu ɗigo. Ya dace da ƙungiyar manoma, ko mai gidan rainon shuka, ko mai noman rumfa da ke auna ruwan taki kullum. Mai fangali ashirin a bayan gida, takarda ta ishe shi. In ma za a sayi alƙalami a yankin noman rani, na fi son a fara da na auna gishiri, wanda ake kira EC. Ba shi da laulayi kamar na pH, kuma yana amsa tambayar da takarda ba ta iya amsawa.

Akwatin gwajin N da P da K

Shi kuma ƙananan kwalabe ne da hoda ko ƙwayoyi, a jiƙa ƙasa, a zuba magani, ruwa ya canza launi, a ce maka kaɗan ne ko matsakaici ko da yawa. Ɓangaren pH na irin wannan akwati yana aiki. Sauran ukun sai a hankali. Naitirojin da yake aunawa shi ne wanda ke narke a ranar, kuma wannan yana hawa da sauka da kowane ban ruwa, musamman a rairayi. Jadawalin fosfaras da fotasiyam kuma an tsara shi ne da ƙasashen da aka ƙera akwatin, ba a daidaita shi da ƙasarmu ko da amfanin gonarmu ba. Ga shi magungunan suna lalacewa da zafi, kuma ba ka san tsawon zaman da ya yi a kanti ba. Yana iya nuna maka cewa wannan sashe ya fi wancan, amma kada ka lissafa buhunan taki a kansa.

Ɗakin gwaje-gwaje

Babu abin da ya kai shi. A Najeriya ta Arewa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, da sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello suna wannan aiki tun da daɗewa. A Kano akwai Jami'ar Bayero, da sashen kimiyyar ƙasa da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri su ma suna da sassan kimiyyar ƙasa, ga kuma ɗakin gwajin IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a Ibadan. A Nijar, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, INRAN, tana da ɗakin gwajin ƙasa a Yamai. Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya tuntuɓi malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiharsa, irin su KNARDA a Kano.

Kuɗin ana yankewa ne bisa kowane abu da za a auna a kowane samfur, don haka kada ka je ka ce a yi maka komai da komai. Ga mai lambu, waɗannan sun isa: pH, gishiri, ruɓaɓɓen taki, fosfaras da shuka ke iya sha, da fotasiyam tare da kalsiyam da magniziyam. In pH ya fito ƙasa da 5.5, a ƙara auna aluminiyam mai narkewa, domin da shi ake lissafa yawan abin da za a zuba a rage tsami. In kana zargin kanwa, a ƙara auna sodiyam. Jimillar naitirojin kuwa, in kuɗi sun yi kaɗan, ana iya barinta. Kusan kullum da ƙaranci take fitowa a ƙasarmu, kuma ma'aunin ruɓaɓɓen taki ya riga ya ba ka labarinta.

Takardar sakamako kan zo da lambobi tsirara, kuma nan ne mutane da yawa suke ninke ta su sa a aljihu shi ke nan. Abubuwa kaɗan za su taimaka. Duba ko an auna pH a ruwa ne ko a ruwan kalsiyam kulorayid, domin na biyun yakan fito ƙasa da na farko da kusan rabin lamba, kada ka tsorata a banza. Duba hanyar da aka bi wajen fosfaras: Bray ta dace da ƙasa mai tsami, Olsen da mai kanwa-kanwa, kuma lambobinsu ba a kwatanta su da juna. A hanyar Bray, abin da ya gaza miligiram 10 a kilo ana lissafa shi ƙaranci, abin da ya haura 20 wadata. Fotasiyam ƙasa da 0.15 a ma'aunin cmol ƙaranci ne. Kabon, sinadarin da ake auna ruɓaɓɓen taki da shi, a ƙasar Arewa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma wannan ita ce babbar cutar da ke ƙarƙashin sauran. Kafin ka bar wurin, ka nemi wanda zai zauna da kai ya mayar da lambobin nan zuwa mudu da buhu, bisa abin da za ka shuka. In ba a yi wannan ba, rabin kuɗinka ka karɓa.

Illar lab ita ce nisa da jira. Sakamako na iya ɗaukar makonni, don haka wanda zai dasa a watan Nuwamba ya kai ƙasarsa tun damina na janyewa. Masu lambu goma a fadama ɗaya suna iya haɗa samfuransu, kowa da alamarsa, mutum ɗaya ya kai.

A tsakanin lab da gwajin gida akwai ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka, kamar motar da kamfanin takin Maroko, OCP, ya riƙa zagayawa da ita ƙauyuka a shirinsa na School Lab, da ƙananan na'urori masu haska ƙasa su aika sakamako waya. In sun zo garinku a amfana, ba laifi. A dai tuna cewa masu haskawar nan kintace suke yi bisa samfuran da aka koya musu a baya, sun fi iya ruɓaɓɓen taki da yanayin laka, sun fi rauni a fosfaras. Haka taswirar ƙasa ta intanet irin iSDAsoil, wadda ta raba Afirka gida-gida na mita 30. Tana da amfani ga mai son sanin halin yanki, amma ba ta san toka nawa kakanka ya zuba a bayan gidanku ba.

Ɗibar ƙasar ta fi na'urar muhimmanci

Ƙasar saman hekta guda, zurfin santimita 20, ta haura tan 2,500. Abin da ake auna pH da shi a lab bai wuce giram goma ko ashirin ba. In wannan ’yar ƙasa ba ta wakilci lambun ba, duk ƙwarewar mai gwajin ta tashi a banza.

A raba lambun bisa yadda ido ya nuna. Tudu daban, gangare daban, inda ake zuba takin gida daban, inda shuka ke wahala daban. A kowane sashe a bi shi a karkace, a tsaya wuri 15 zuwa 20. A share ganye da ciyawar sama, a sara rami da fartanya ko shebur zurfin taƙi guda, a yanko siririn yanki daga bangon ramin tun daga sama har ƙasa, kauri ɗaya. Duk a zuba a bokitin roba. Bokitin kwano mai rufin zink yana ɓata gwaji, haka tsohon buhun taki. A kauce wa gindin suri, da inda aka tara taki ko toka, da bakin hanyar ruwa, da ƙarƙashin gawo. A cakuɗa sosai, a ɗebi kamar rabin kilo, a shanya a inuwa kan takarda ko leda mai tsabta, ba a rana ba kuma ba kusa da murhu ba. In ta bushe a ƙulle a leda, a rubuta suna da sashe da abin da aka shuka bara da takin da aka zuba. Kada a ɗiba bayan an zuba taki da ’yan kwanaki. Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe amfani, kafin a gyara fangali.

Ko takarda za ka yi amfani da ita a gida, haka za ka ɗiba.

Wa ya kamata ya zaɓi me

Mai ɗan lambu a gida, ko matar da ke shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa a buhuna da tsofaffin robobi, takardar pH ta wadatar. Irin wannan ƙasa da wuya ta yi tsami, domin toka da shara da ruwan wanke-wanke suna ɗaga ta. Abin da aka fi tararwa shi ne ta haura 7.5, kuma maganin shi ne a daina zuba toka, a daina ban ruwa da ruwan sabulu, a ƙara ruɓaɓɓen taki. Haka masu noman rani a Jos da suka daɗe suna amfani da tokar juji, da na kewayen Kano da ke sayen takin shara daga cikin gari: ƙasarsu ba ɗaya take da ta jigawar da ba ta taɓa ganin taki ba, bai kamata su ɗauki shawarar da aka ba mai jigawar ba.

Mai noman kasuwa da ke zuba buhunan taki duk shekara a wuri ɗaya, lab ya kama shi, aƙalla sau ɗaya, sannan a maimaita bayan shekara biyu ko uku, a riƙa bibiya da takarda a tsakani. Dalili shi ne takin naitirojin yana tsamama ƙasa sannu a hankali. Yuriya na yi, amoniyam salfet ya fi ta. Gwajin nan na dogon zango da aka fara a Samaru a 1950, mai kwatanta kashin shanu da takin zamani a fili ɗaya shekara da shekaru, ya nuna haka: inda aka dinga zuba takin naitirojin shi kaɗai ƙasa ta yi tsami, inda aka haɗa da kashin shanu ta riƙe. Sannan wanda ya shekara goma yana zuba 15-15-15 a fangali ɗaya, mai yiwuwa fosfaras ya taru masa har ya ishe shi, yana ta sayen abin da ba ya bukata. Takarda ba za ta gaya masa wannan ba, lab ne kawai. A ƙasar rairayi ta Nijar da iyakar Arewa kuma akasin haka aka fi samu, tsami da ƙarancin fosfaras tare.

Mai noma a manyan filayen ban ruwa, irin na Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, ko Bakolori, ko kwarin albasa na Galmi da Aliero, gishiri da sodiyam su ne abin da zai sa a gaba. Ruwa yana tafiya sama da zafin rana ya bar gishirinsa, kuma inda magudana ta toshe ruwan ƙasa yakan taso ya kawo nasa. Albasa na cikin kayan lambun da ba sa jure gishiri ko kaɗan, tana fara raguwa tun ma'aunin bai kai rabin abin da tumatir ke jurewa ba sosai, tun kafin farin ɓawo ya bayyana. A irin wannan wuri a kai ruwan ban ruwan ma a gwada, ba ƙasa kaɗai ba.

Sai masu lambu a bakin rafukan da ke ɗauke da kwatar gari da ta masana'antu, kamar Jakara da Challawa a Kano. Nan batun ya wuce yawan amfani, ya shafi lafiyar mai ci. Dalma da kadmiyam da kuromiyam ba su da launi a takarda, ba na'urar gida da ke ganinsu, kuma kayan ganye irin su latas da alayyafo sun fi saurin ɗaukar wasunsu. Wannan gwaji sai lab mai na'urar auna ƙarafa, kuma sai ka faɗa musu a fili cewa shi kake so, domin ba ya cikin gwajin yau da kullum. Ya fi tsada, amma ƙungiya na iya haɗa kuɗi ta yi wa yanki guda.

Bayan sakamako ya fito

In an ce ƙasarka tana da tsami, kada ka kai mata kanwa. A tukunya kanwa na kashe tsami, amma sodiyam ce cike da ita, kuma sodiyam tana tarwatsa laka, ƙasa ta daskare ta zama fako, ruwa ya ƙi shiga. Gyaran wannan ya fi gyaran tsami wuya. Abin da ake zubawa shi ne garin dutsen farar ƙasa na noma, a gwargwadon da lab ya faɗa, a cakuɗa da ƙasa makonni kafin dashe. Ƙasar jigawa kaɗan take bukata, in aka zarce sai zink ya ɗauke. Tokar itace ma tana rage tsami, tana kuma kawo fotasiyam da kalsiyam, sai dai ƙarfinta bai kai na farar ƙasa ba, kuma a barbaɗa ta ne sama-sama, kada a jibge. Kada a haɗa toka ko farar ƙasa da yuriya a rana ɗaya, naitirojin ɗin zai bi iska, har warinsa za ka ji. Mai dankalin Turawa kuma ya yi hattara da ɗaga pH, domin shi yana jure ɗan tsami, kuma ƙurajen da ke ɓata fatarsa sun fi yawa a ƙasar da aka cika wa toka.

In gishiri ne, ba abin da za a saya a zuba ya cinye shi. Sai an buɗe magudana, a yi ban ruwa mai yawa da ruwa mai kyau ya wanke shi ƙasa da saiwa. In sodiyam ce ta yi yawa, a fara zuba jifsam, wani farin gari mai kalsiyam, kafin wankin, don kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam daga jikin laka, in ba haka ba ruwan zai kwanta ne a sama.